Lambar Sarauniya a Kan Cibiya

Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, da wuya ka ɗaga rigar yaro ka ga cibiyarsa ta yi tsini. Aikin Batulu ne. Ungozoma ce, jikar ungozoma, shekarunta sittin da bakwai, haƙoranta goma sha tara, kuma da dukansu take faɗa.

Babban kayan aikinta wani farin ƙarfe ne mai faɗin murfin kwalba, wanda ta gada daga kakarta Ummukulsum. Wasu ungozomomin kwabo suke ɗaura wa jariri idan cibiyarsa ta turo. Ita wannan take ɗaurawa, kwana arba'in cif, in an cire kafin nan a sake ƙirga daga ɗaya. Cibiya ɗari uku da goma sha biyu ta kwantar. Biyu sun ƙi, ta ce taurin kan dangin uba ne.

Ran nan ɗan wanta Abdulwahab, mai koyarwa a jami'a a Kongo, ya zo gaisuwa, ya tarar tana gyara wa Haidar ɗauri, jaririn maƙwabciyarta Radiya. Ya ga ƙarfen, ya gyara tabarau har sau uku.

"Gwaggo, lambar girma ce wannan! Irin wadda fadar Turawa kan ba mata zalla. Ga ma kan sarauniyar a jiki."

"Au, mace ce? Shekara arba'in ina ce mata Bature mai kumatu."

"A ƙirji ake maƙala ta, Gwaggo, ba a ciki ba. A gilashi ya kamata a ajiye ta."

"Shi gilashin cibiya gare shi?"

Bai saurare ta ba. Ya sayo akwatin gilashi, ya ɗauko hayar kujeru sittin, ya kira mai hoto. Ya sanar cewa ran Laraba za a karrama marigayiya Ummukulsum a ƙofar gida, Batulu za ta fito da lambar a ƙirji, sannan a rufe ta a akwati.

Batulu ta ƙirga da yatsu. Laraba Haidar zai cika kwana talatin da uku. Saura bakwai.

"Inna, kada ki bar min ɗa da cibiya kamar goruba," in ji Radiya.

"Tashi ki yi masa wanka, ki sa masa kwalli."

Ran Laraba kujeru suka cika, mutum tara a tsaye. Abdulwahab ya yi jawabi shafi huɗu. Sai ga Batulu cikin sabon leshi, da Haidar a hannu.

"Hajiya, lambar a ƙirji," in ji mai hoto.

Ta yaye wa yaron riga, ta ɗaga shi, ta manna bayansa a ƙirjinta. Ga sarauniya nan tana ƙyalli a tsakiyar tumbi.

"To ga ta a ƙirji. Ɗauka, kafin ya yi fitsari."

Mai hoto bai yi sauri ba.

"Gwaggo, akwatin fa?" in ji Abdulwahab, murya ƙasa-ƙasa.

"Bayan kwana bakwai, Malam."

Ya dawo ran na takwas, ya tarar lambar tana kan cibiyar wata jaririya daga Tukur-Tukur, ga uwaye biyar suna jira, duk a wurin taronsa suka ji labari. Akwatin yana falonsa yanzu, da kofuna goma sha biyu a ciki. A watan jiya matarsa ta haihu, cibiyar ta turo. Shi ne na huɗu a layi.