Darbejiya Shida a Filin Kyaftin

Gyaran fanka ne sana'arsa. Shekara talatin yana wannan shagon na kusa da mai faci, inda fukafukan fanka suke rataye a bango suna shan ƙura. Amma duk unguwa Kyaftin ake ce masa, alhali bai taɓa taka matakalar jirgi ba.

Ka kai masa fanka, sai ka sha karatu. Zai kunna ta, ya kara tafin hannu a gabanta, ya ce, "Ka ji ko? Da wannan da farfelar jirgi uwarsu ɗaya." Kai kuwa kwana uku ke nan kana zarya, gumi ya hana iyalinka barci.

Burinsa ƙaramin jirgi mai kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta matarsa. Da jirgin ya ƙi samuwa, sai ya fara da wurin sauka. Akwai wani dogon fili siriri a bayan gari da matar ta gada wurin mahaifinta. Duk Asabar yana can da shebur da manjagara, yana tsince duwatsu, yana cike ramuka. Ya kafa gora, ya ɗaura mata ƙafar tsohon wando don ya riƙa ganin inda iska ta dosa. A ƙarshen filin ya dasa darbejiya shida a jere, wai alama ce, matuƙi ya hango daga sama. Da jarka a bayan keke ya yi ta ba su ruwa har suka kama.

Shekara goma sha ɗaya matar tana haƙuri. Bana haƙurin ya ƙare.

"Malam, tumatir zan shuka a filina."

"A kan titin jirgin?"

"Wane jirgi? Ban da awakin mutane, me ya taɓa sauka a wurin?"

"Maman yara, kujerar gaba fa taki ce."

"Na yafe. Ka ba wandon can da ka rataye, ya fi ni jira. In ruwan fari ya sauka jirgi bai sauka ba, garma za ta shiga."

Ana haka sai ga wani mutum ya kawo fanka. Cikin hira ya ce shi matuƙi ne, jirgin feshin gonaki yake tuƙawa. A tarihin shagon, wannan ce fankar da aka gyara cikin awa ɗaya. Kyaftin ya riƙe masa riga sai da ya yarda zai zo ya duba filin, in ya yi, ya sauka ko sau ɗaya ne.

Ranar Asabar ya zo a mota. Matar ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya tana kallo. Matuƙin ya taka filin daga farko har ƙarshe, yana buga ƙasa da dunduniya.

"Baba, aiki ya yi kyau. Tsawo ya isa, ƙasa ta daku, iska ma ka karanta ta daidai."

Kyaftin ya waiga ya kalli matarsa, har da gyara hula.

Sai matuƙin ya ɗaga kai sama. "Amma wane mara tunani ne ya dasa waɗannan a bakin hanyar tashi? Sun fi bene biyu! Ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya bi ta nan."

Matar ta ce, "Malam, ana tambaya."

"In aka sare su fa?" in ji Kyaftin, murya ƙasa-ƙasa.

"In aka sare su, jibi ma sai in sauka."

Washegari Kyaftin ya zo da gatari. Ya zaga darbejiya ta farko, ya shafa bawonta, ya ce wannan ita ce ta kusa mutuwa shekarar da aka yi fari. Ya wuce ta biyu, ya ce akwai sheƙa a kanta. Har rana ta take bai kai sara ko ɗaya ba. Ya jingine gatarin, ya zauna a gefen tabarmar.

Ruwan fari ya sauka ranar Laraba. Da mai garma ya iso, Kyaftin ya riga shi zuwa, yana nuna masa ƙafar wandon.

"Kunyoyin su bi iska, ka ji? Kada ka gicciya su. Ba a san gaba ba."

"Malam," in ji matar, "matsa, ka taka mini irin tumatir."