Sharar Inna tana tuƙa

Shekarun baya, lokacin babban farin nan na zamanin soja, na dawo Matameye daga ci-rani da agogo a hannu da baƙin tabarau a fuska. Na yi Kano, na yi Ikko, har teku na taɓa da ƙafata, don haka ina jin duk garin babu wanda ya kai ni wayewa. Tsarabata rabin buhun wake ce, da na samu na tsallako da shi kafin a rufe iyaka, sai kuma damin leda sabuwa fil, wadda a lokacin ta fara shigowa kasuwanninmu.

Mahaifiyata, da muke ce wa Inna, ta yi murna da waken. Nan take ta gauraya shi da toka da busasshen barkono, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka don kada ƙwari su shiga. Ledar kuwa ta ɗaga ɗaya, ta duba ta a rana, ta shinshina, ta tambaye ni me ake ci a jikinta. Na ce ba a ci, zuba abinci ake yi. Ta ce to madalla, ta cusa damin a ƙarƙashin gado. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kiran sunana, daga ranar na koma "mutumin Ikko".

Abin da na tarar a gida ya cire mini tabarau. Matata ta haihu, ta yi jinya mai tsawo, nono ya ɗauke. Jaririyar, ɗiyata ta fari, ba ta da abin sha sai nonon wata jar akuya, ita kaɗai ta rage a garken Inna. Akuyar ma haƙarƙarinta a waje yake. Daji ya bushe ƙurmus, harawa ta fi ƙarfin talaka, dusa kuwa mutane ne ke cin ta. In akuyar nan ta ƙafe, ban san abin da za mu ba yarinyar ba.

Abu ɗaya da ya rage kore a daji shi ne kalgo. Na je wajen hanyar Dawce na yanko dami, na zube gaban akuya. Ta ɗan gutsura, ta tauna kamar mai shan magani, ta juya mini baya. Ganyen ya yi tauri, ga tsami.

Inna kuwa da ma tubani take sayarwa a tasha. Ƙullun wake ne, a naɗe shi cikin ganyen kalgo, a turara a tukunya. In mai saye ya zo a buɗe ganyen, a zuba mai da yaji, ya ci a ciki ya yar. Wata safiya ina zaune a tsakar gida, wani ƙulli ya fashe a tukunya, Inna ta ba ni na ci, na jefar da ganyen. Kafin ya taɓa ƙasa akuya ta cafke shi. Ta cinye, ta zo tana lasar yatsuna. Ashe turarin ya tausasa ganyen, ya sha kanwa da gishiri da mai, ga ɓurɓushin wake manne a jiki.

Na ce wa Inna daga yau ganye ɗaya ba zai kwana a tasha ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa zai tsince, mutumin Ikko da agogonsa? Na ce shi ɗin.

Haka aka yi. Da asuba in tafi yankan kalgo, da hantsi in tsaya bayan Inna da kwando. Duk wanda ya sayi tubani, ina tsaye a kansa kamar mai jiran gado, yana gamawa in miƙa hannu. Mai son tafiya da nasa sai in lallaɓa shi ya zauna ya ci a nan, in ba shi labarin teku kyauta. Abokina, wani direban kamyo, babbar motar kaya, kullum sai ya tsaya ya tambaye ni ƙarfe nawa a agogon bola. Yaran mota suka sa mini Sarkin Ganye. Ina dariya da su, amma da yamma in na ga an tatsi nono ya rufe gindin ƙwarya, yarinya ta sha ta yi barci, sai in ji ko sarautar gaske aka ba ni ba zan yi musaya ba. Daga baya ma na gaji da jigila, na riƙa zuwa da akuyar tasha ina ɗaure ta a gindin bishiyar bedi bayan Inna.

Ana nan sai doka ta fito kan tsabtar gari. Ka san zamanin soja, ba a faɗa sau biyu. Tasha kuwa ta cika da leda, don masu ƙosai da waina duk sun koma kanta, iska na ɗauka tana rataya wa ƙaya. Wata ranar kasuwa wani ajidan, mai muƙami a soja, ya sauko daga mota da sojojinsa, ya ce duk mai sayar da abinci ta kwashe ta bar wurin. Mata suka fara naɗe tabarmi. Ni kuwa na san in babu masu saye babu ganye, in babu ganye babu nono.

Ya iso kan Inna. Ita ko motsi ba ta yi ba, tana ta buɗe tubani. Ya dubi ƙasa, ya dubi bayanta, babu ko tsinke. Ya ɗaure fuska ya ce, "Inna, ke ina kike zubar da taki sharar?"

Ta nuna gindin bedi da muciya. "Ga ta can tana tuƙa, ɗana."

Akuyar ta ɗago kai ta dube shi, bakinta na juyawa. Wani ƙaramin soja ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Na matso, na cire hula, na yi wa ajidan bayani tun daga kalgo har jaririya. Ya sayi ƙulli biyu, ya ci a tsaye, sannan ya taka da kansa ya miƙa wa akuya ganyen. Da zai hau mota ya ce tsohuwar nan ta zauna, sauran ma duk wadda za ta naɗe abincinta a ganye ta dawo gobe.

Washegari kafin in gama alwala mata sun cika ƙofar gidanmu suna neman kalgo. Na yanko wa kowa, da sharaɗin ganyen ya dawo kwandona. Akuyar ta yi ƙiba a shekarar da shanu ke faɗuwa, ta shayar da yarinyar har damina ta sauka.

Na ƙara yawo bayan nan, na ga abinci a gwangwani, a roba, a takarda mai ƙyalli. Yanzu har a rediyo ina jin masana na neman mazubin da zai ruɓe ko a cinye shi, sai in yi murmushi. Ban raina iliminsu ba, Allah ya taimake su. Ni dai na san duk aikin da na yi a duniya, babu wanda nake alfahari da shi kamar tsintar ganyen nan.

Ɗiyata yanzu uwar 'ya'ya ce. In ta zo gida ta fara yi mini faɗa kan shan magani, sai in ce ta yi a hankali, ni na san mahaifiyarta ta biyu, a gindin bedi take ɗaure. Ledar tsaraba kuwa, bayan rasuwar Inna mun same ta a ƙarƙashin gado, damin nan yadda na kawo shi, ko gara ba ta taɓa ba.