Ranar da kasuwar Jega ta ji sunan ɗiyata

Shekarun baya, Nasara ba su daɗe da zama ƙasar nan ba, uwar mijina, Inna, ta ce in raka ta cin kasuwar Jega. Ni ban taɓa wuce Maiyama ba. Muka tafi da ɗiyata ta fari, wadda ba ta daɗe da yaye ba. Kun san al'ada: ɗiyar fari ba a kiran sunanta, ba a nuna damuwa da ita gaban surukai. Inna ce ke riƙe da hannunta, ni ina baya ina satar kallo.

"Idonki ya huta mana," in ji Inna. "Wa zai cinye maki ita?"

Jega kuwa ta cika ido. Bakin gulbi jiragen Nufawa na sauke kaya, raƙuma durƙushe da gishiri, Yarbawa sun baza zannuwa, goron Gwanja lulluɓe cikin ganye. Muka ci soyayyen kifi da zafinsa, muka kora da fura da nono. Da muka ratsa ta marina, na ga yarinyar ta tsaya cak tana kallon masu rini na tsamo zane daga rami, sai da Inna ta ja ta.

Muna wajen 'yan goro wani Bature ya wuce bisa keke. Kowa ya juya, har Inna da ke cewa ba abin da ba ta gani ba. Da muka waiwayo, babu yarinya.

Inna ta yi ta kira, amma muryar tsohuwa ina za ta kai cikin wannan hayaniya? Sai ta dube ni.

"Kira ta, ɗiyata. Na toshe kunnena."

Na buɗe baki na ƙwala sunan da ban taɓa furtawa ba, har wani mahauci ya ɗago ya ce, "Baiwar Allah, mi ya faru? Gobara ta?" Yarinya dai ba ta ɓullo ba. To yarinyar da ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, yaya za ta san ni ce?

Nan na tuna tsayuwar da ta yi a marina, na tuna zurfin ramukan nan. Na ɗage zani na ruga, ina ture buhunan albasar mutanen Aliero. Can na hango ta durƙushe a bakin rami, hannu biyu cikin ruwan baba, ta miƙa wuya tana leƙe. Na san in na yi ihu za ta firgita ta faɗa. Na lallaɓa kusa da ita, na ce a hankali, yadda nake ce mata a gida, "Ke."

Ta waiwayo tana dariya. Na cafke ta.

Da shuɗin hannun nan ta ci masa da zuma, Inna na ba ta.

Har yau in aka ce na cika sa ido a kan yara, murmushi kawai nake yi. Wanda zai je Jega ya je, ya ci kifin bakin gulbi, ya ga marina, amma ya lura da inda idon ɗansa ya tsaya.

Da muka koma gida, wata maƙwabciya da ta je kasuwar ta ce ta ji wai na kira sunan ɗiyar fari gaban jama'a. Inna ta ɓare goro ta ce, "Ni ina wurin. Ban jiya ba."