Ranar da Baba ya bi maƙwabtana yana ba su haƙuri

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun saba'in, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. An daɗe, don haka ba zan rantse a kan kowace kalma ba, kuma mai yiwuwa na sa wani abu a gaban wani. Amma jigon maganar ina jin haka yake.

Lokacin ban jima da gama jami'a ba, na sami aiki a wata ma'aikatar gwamnati a Kano, aka ba ni gida a kwatas ɗin ma'aikata. Ga famfo, ga lantarki, kowane gida da shingensa. Ni da na tashi a ƙauyen Toranke, inda kurkunu ke kwantar da mutane a tsakiyar aikin damina, na riga na yanke a raina cewa na tsira, waɗanda na baro ne abin tausayi.

Sai mahaifina ya zo neman maganin yanar ido. Likita ya ce ya zauna kusa a riƙa duba shi. Na yi murna a ɓoye, don ina so ya ga inda karatun ya kai ni.

Ranar farko bayan magariba matata ta ajiye masa tuwo a falo. Ya ɗauki kwanon da tabarma ya fita ƙofar gida. A wajenmu magidanci ba ya cin tuwon dare a ɗaki. Kowa fitowa yake da nasa, a haɗu a ƙofar gidan dattijon unguwa, a ci na wannan a koma na wancan. Ciyayya ke nan. Duk wanda aka daina ci da shi kuwa, to ya yi abin kunya babba, irin cin iyakar gona ko shaidar zur.

Na bi shi na zauna. Motoci suna shiga gidaje, masu su suna ɗaga mana hannu ta taga.

"Ba su idar da salla ba ne?" ya tambaye ni.

"Baba, nan kowa a gidansa yake ci."

Ya ce, "Uhm." Muka ci tuwon bayan ya huce.

Haka ya riƙa fita kullum. Wata rana ina ofis ya tsaya daga bayan labule ya ce wa matata, "Yarinya, tsakaninki da Allah, me mijinki ya yi wa mutanen nan?" Da ta gaya min, na zaunar da shi na yi masa dogon bayani a kan zaman birni, irin bayanin da mai digiri ke yi. Ya yi ta gyaɗa kai. Na ɗauka ya gamsu.

Bayan 'yan kwanaki maƙwabcina na hannun dama, wanda kuma shi ne babba a sashenmu, ya kira ni ofishinsa ya ce in rufe ƙofa.

"Jiya da la'asar Baba ya zo wajena," ya ce. "Tun daga bakin shinge ya cire takalmi. Na yi na yi ya hau kujera, ya ƙi, ya durƙusa. Ya ce kai yaro ne, boko ta ɗauke ka tun kana ƙarami, ba ka zauna da manya ba. Ya ce duk abin da ka yi mana shi ne ubanka, ya zo mu yafe, mu koma cin abinci da kai."

Na rasa inda zan sa idona.

"Ba ni kaɗai ba fa," ya ƙara, yana danne dariya. "Gida-gida ya bi. Har gidan mutumin kudun nan da ba ya jin Hausa, sai da aka nemo tafinta."

Da na koma gida abin da kawai na iya cewa shi ne, "Baba, ai da ka tambaye ni."

"Na tambaye ka, ka ce babu komai. Ni ma da ni ne haka zan ce."

Maƙwabcin nan mutumin kirki ne. Da magariba sai ga shi da faranti a rufe da cokali, ya zauna a tabarma yana ta gyara ƙafa. Fuskar Baba ta washe. Ya tura masa kwanonmu, suka shiga hirar gero da farin da aka sha a shekarun nan. Can Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, to kai da wa kake ci?"

"Ni kaɗai, Baba. A tebur."

"Na wancan gidan fa?"

"Shi ma haka."

"Ya sunansa?"

Maƙwabcina ya dube ni, na dube shi. Mun san muƙamin mutumin, mun san motarsa. Sunan ne ya gagara. Baba ya ci gaba da cin tuwonsa a hankali.

Washegari maƙwabcin yana da taro, bai zo ba. Baba bai sake fita da kwano ba. A falo ya riƙa ci, kaɗan-kaɗan, har aka gama maganin.

Ranar tafiyarsa na raka shi tasha ya hau motar Gaya, wadda za ta kai shi yankinmu. Kafin ya hau ya jawo ni gefe.

"Na ɗauka laifi ka yi," ya ce. "Da laifi ne, da an gyara." Ya ɗan dubi ƙasa. "Kada ka damu, ba zan faɗa a gida ba. In sun tambaye ni zan ce kana lafiya, aiki na tafiya. Ban yi ƙarya ba."

Wannan maganar ta fi min ciwo fiye da ta ofis. Zaman da nake ɗokin ya je ya ba da labarinsa, shi a wajensa asiri ne da zai rufa min.

Ba ina cewa ƙauye aljanna ba ne. A shekarun nan na ga rumbu wayam a Toranke, na ga mai naƙuda ta cika a hanyar asibiti. Ban koma can da zama ba, kuma ba na jin zan iya komawa. Idan aka tambaye ni wa ya fi jin daɗi tsakanin ni da Baba, har yanzu ban san amsa ba. Abin da na sani shi ne kowannenmu ya tausaya wa ɗaya, sai dai shi da ya tausaya min ya tashi ya cire takalmi a ƙofar mutanen da bai sani ba.

Da na je gida babbar salla a shekarar, dattawan ciyayyar suka matsa min wuri, suka yi ta turo min kwanuka suna cewa, "Ci, Malam, ci." Ko karamci ne kawai, ko sun ji wani abu, ban sani ba. Idan akwai wanda ya zauna a kwatas ɗin nan ya ga na yi kuskure, don Allah ya gyara min. Idan kuma akwai wanda ya zauna a tabarmar Toranke lokacin, ina roƙon ya gaya min ko Baba ya faɗa. Har ya rasu ban iya tambayarsa ba.