Taimama a Kan Dutsen Kalmalo

Shekarun baya, lokacin kaka, ana tsakar yankan gero, abokina ya matsa mini sai mun hau wani dutse da ke bayan tafkin Kalmalo. Wai daga samansa ana hango Illela da Ƙwanni lokaci guda. Shi ɗan gidan malamai ne, siriri, ba ya gajiya da tafiya. Ni kuwa ko kasuwa zan je sai na nemi ɗan kabu-kabu, amma don kada a ce na ji tsoro na ce mu je.

Da hantsi muka isa bakin tafki. Ruwa ya cika maƙil bayan damina, masunta na ta harkarsu. Muka yi alwala, muka cika gora ɗaya, muka kama hawa. Kafin mu kai rabi na shanye ruwan nan tas, ina haki, shi kuwa yana ta yi mini dariya. Da muka kai sama dai mun ga abin da muka zo gani: tafki shimfiɗe a ƙasa, gonaki sun yi jajur, ga rufin gidajen Ƙwanni na ƙyalli. Muka kishingiɗa a inuwa, barci ya kwashe mu.

Mun farka Azahar na neman wucewa, alwala ta karye, gora ba ko ɗigo. Ga ruwa muna kallo, amma kafin mu sauka lokaci ya fita. Abokina ya ce taimama za mu yi. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ɗora tafukansa kan wani faffaɗan dutse. Sai na ga ya fizge hannu.

"Mi af faru?" na ce.

"Wani abu yac cije ni," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Na leƙa gefen dutsen. Kububuwa ce a naɗe, launinta ɗaya da tsakuwa, tana goga jikinta tana wannan ƙarar mai tayar da tsikar jiki. A ɗan alinsa na dama, wato yatsan nuni, ta sare shi. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san abin da kububuwa ke yi da kaka: jini ne ke ƙin tsayawa.

Ya ce in ɗaure masa hannu. Ba igiya, ba ƙyalle, sai na zare tazugen wandona na ɗaure. Haka muka fara sauka, hannuna ɗaya na tallafe da shi, ɗaya na riƙe da wando. Yau abin dariya ne, ran nan ko murmushi babu. Hannun ya kumbura har gwiwa. Can ya tofar da yawu, na ga jini a ciki. Ya ga na gani.

"In ban kai ba, ka ce ma inna ta yahe mini. Ban gaya mata nan za mu zo ba."

"Kai ka gaya mata da bakinka," na daka masa tsawa.

A gindin dutse muka tarar da wani dattijo yana loda dammunan gero a amalanke. Yana ganin hannun bai tambayi komai ba, ya ture geron ƙasa, ya ce, "Mu aza shi, ɗana." Ni ina gefe ina tare masa rana da rigata, ina kiran sunansa duk lokacin da ya lumshe ido. Ban taɓa jin haushin tafiyar jaki ba irin na ran nan. Daga bakin hanya muka samu mota zuwa asibiti. Likita ya yanke tazugen, ya ce kada mu ƙara ɗaure saran maciji haka, aka yi masa allura.

Da ya farfaɗo washegari, mahaifiyarsa na zaune tana kuka, abin da ya fara tambayata shi ne ko na yi Azahar ɗin jiya. Ban yi ba. Na manta da ita gaba ɗaya, shi da ke bakin mutuwa bai manta ba.

Ya rayu, amma yatsan bai tsira ba, sai da aka yanke rabinsa. Ban sake hawa dutsen ba, kuma har gobe ba na ɗora hannu a kan dutse sai na fara taɓa shi da sanda. Yanzu shi ke jan salla a masallacin unguwarmu, ni ina sahun farko dab da shi. Duk lokacin da aka zauna tahiya, na san ya kamata idona ya tsaya a gabana, amma sai ya zame zuwa hannunsa. Ina ganin guntun yatsan nan ya ɗago, sai in ji ƙwalla ta cika mini ido.