Kuɗin Inuwa

Kafin in lalace, ni mai wankin mota ne a Ƙofar Ran, kuma wallahi barcina nake yi har da minshari. Surukina, wanda muke kira Baffa, manomi ne a Tirwun. Shi ya samo mini aikin karɓar baƙi a wani masauki da ke GRA, ya dangwala yatsa a takarda cewa ya tsaya mini: in na ci amana, shi za a nema. Ran da zan fara aiki abu ɗaya ya ce mini: "Ka riƙe mini mutuncina."

Masaukin na masu yawon hutu ne. Su kwana a wurinmu, da safe su wuce gandun daji kallon giwaye. Lokacin hutun makaranta kuwa, kai, ba masaka tsinke!

Wata rana wani baƙo ya biya kuɗin ɗaki, ya ce, "Shi ke nan ko?" Sai na ji bakina ya ce, "Saura na janareta." Alhali na janareta yana cikin kuɗin ɗaki. Bawan Allah ya zaro ya miƙo, har da godiya. Ranar na ci tsire na yi nak.

Daga nan fa ido ya buɗe. Na je aka buga mini rasit na bogi mai sunan masaukin. In an bugo waya ana tambayar farashi, in faɗi mai sauƙi, sauran in yi gum. Sai ranar tafiya, kaya na cikin mota, in fito da takardata: kuɗin fanka, kuɗin ruwan wanka, kuɗin tawul. Da na goge har kuɗin inuwa na ƙirƙiro, na duk motar da ta tsaya a gindin mangwaron tsakar gida. Mangwaron da ban dasa ba!

Za ku ce, to ba a yin gardama? Ana yi mana. Amma na gano lagon mutanenmu, wato kunya. Namiji in shi kaɗai ne, sai ya tara maka jama'a. A gaban surukinsa kuwa, ko kuɗin numfashi ka ce, zai biya yana yaƙe, gumi na keto masa. Don haka sai in laɓe, sai na ga suruki ya matso kusa sannan in miƙa takarda. Akwai wani malamin firamare da ya juye mini kuɗin shiga gandun kaf a gaban surukarsa, ya waiwaya ya ce wa 'ya'yansa wai giwayen sun yi bulaguro. Dariya na yi ranar. Yau in na tuna, abinci fita yake yi daga raina.

Ranar da asirina ya tonu, wani matashi ne ke shirin tafiya da matarsa da wani dattijo mai farin gemu. Na hango matashin durƙushe a gaban dattijon, na ce yauwa, suruki! Ashe takalmi yake gyara masa. Na tako cikin isa na miƙa takarda.

Matashin ya karanta, ya ƙyalƙyale da dariya. "Tsoho, zo ka ji! An ce ka biya kuɗin inuwa, kai ka fi kowa zama a gindin bishiyar nan."

Dattijon ya ce, "Ja'iri, ai kai ka kawo ni. In ba ka da shi, ka bar musu amaryata jingina!"

Innalillahi! Kaka ne da jika. Waɗannan ina ruwansu da kunyar juna? Suka shiga karanta takardar da ƙarfi, layi-layi, suna tsokanar juna. Baƙi suka fito, kowa da irin rasit ɗinsa a hannu. Dattijon ya daina dariya ya ce a kira mai gidan, yana son ganin wanda ke sayar da inuwar Allah. Kafin azahar ina bayan kanta.

Alƙali ya ba ni shekara biyu. Mai masaukin kuma ya ɗauko takardar nan mai yatsan Baffa. Gonarsa ta Tirwun Baffa ya sayar aka mayar wa mutane haƙƙinsu.

Ran da aka sake ni, na zaci ba wanda zai zo. Ina fitowa sai ga Baffa a tsaye cikin rana, ya rame, ya tsayar da keke mai ƙafa uku. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni! Cewa ya yi kawai, "Shiga, iyalinka na jira." Da muka isa na lalubi aljihu, ba ko sisi. Shi ya biya kuɗin keken, ni ina tsaye kaina a ƙasa, gumi na keto mini, kamar malamin nan.

Na tuba, na koma wankin mota. Samari, in kuka sami aikin da ake karɓar kuɗin mutane, ku faɗi farashi gaba ɗaya tun a bakin ƙofa, kada ku ƙara ko kwabo a ɓoye. Baffa yanzu ƙodago yake yi a gonar da a da tasa ce. Yana amsa gaisuwata kullum, amma har yau ban iya haɗa ido da shi ba.