Kududdufin da Muka Binne

Tsakanin unguwarmu da ta tsallake babu katanga, kududdufi ne. Mu muna cewa kakanninmu ne suka haƙa shi garin ɗibar ƙasar gini, 'yan tsallake ma haka suke faɗa a kan nasu kakannin. Muddin yana cike da ruwa, ba wanda ya damu da mai gaskiya. Babana yakan kifa cikinsa a kan gora ya shiga da komarsa ta kamun kifi, ya fito da tarwada, kuma da ita ya ci da mu. Ranar da ya yi kamu mai kyau, ta gaɓar tsallake yake fita, ya ajiye wa tsofaffinsu nasu rabon.

Shekarar da ruwa ya ja baya sosai, wani ɗan tsallake ya kafa turaku a busasshen gefen, ya ce filinsa ne. Aka yi ta zama gaban dattawa ba a raba gardama ba. Abin da ya rage a kunnuwanmu shi ne, wai ruwa ba shi da mai shi, amma ƙasa ta wanda ta haɗe da bayan gidansa ce. Kashegari 'yan tsallake suka fara juye shara a ruwan, don gaɓarsu ta matso.

Lokacin na haura talatin, ina ɗinki, ga zuciya a kusa. Na rantse ba za su riga mu ba. Ni na bi gida-gida ina hana kai shara bola. Ni na riƙa tare masu kura tun daga Ƙofar Ɗan Agundi, suna juye mana ɓaraguzai da ledoji. Magidanta da hankalinmu, muna tafi don an kawo mana juji.

Wata safiya Baba ya same ni a gaɓa da shebur a hannu. Ya ce, "Kai da su, abu guda kuke binnewa."

Na ce, "Baba, kifi nawa yake? Maganar fili ake yi."

Ya juya ya koma gida. Har gobe ina jin kunyar wannan amsar.

Ruwa ya yi baƙi, ya fara wari. Tarwada da duk taurin ranta ta riƙa tasowa ciki a sama. Baba ya rataye gorarsa a zaure, ya koma zaman tabarma. A shekara ta uku shararmu da tasu suka haɗu a tsakiya. Muka kira magini ya haƙa tushe, ya nitse har ƙirji bai tarar da ƙasa ba, leda ce kawai. Ɗakin da 'yan tsallake suka yi gaggawar ginawa ya tsage gida biyu kafin a sa masa ƙofa.

Da damina ta kankama, aka yi wani ruwa bayan la'asar. Ruwan da a da yake gangarawa kududdufi ya rasa wurin zuwa, ya bi lunguna ya shigo gidaje, namu da nasu. A bayana na goyo Baba, muna fita ɗakinsa ya zauna. Muka tsaya a ƙofar gida ruwa iya cinya, sai ga gorar ta fito daga zaure tana yawo. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

A gidan haya ya rasu, can bayan gari. Filin yana nan, ba mu gina ba, ba su gina ba. Kullum ta nan nake wucewa zuwa shago, ina toshe hanci.